Don Eliécer da Telolin Aro

Shekara talatin da ɗaya makullin tankin ruwan ƙauyen Alto Sereno ya yi a wuyan Don Eliécer Tangarife, rataye da igiyar fata a ƙarƙashin riga, kusa da ɗan gicciyen da uwarsa ta bar masa. Da shi yake tsinkar kofi, da shi yake shiga coci, da shi yake wanka. Matarsa Orfilia takan ce ranar da ya mutu sai ƙauye ya zauna shawara, ko a binne shi da abinsa ko mutane su sha ruwa.

Ba da wasa ya shiga aikin nan ba. Yana ɗan shekara tara ƙanwarsa Amparo ta kwanta da gudawa, kwana huɗu ta tafi. Bayan an binne ta aka bi rafin Clarita sama, inda ƙauye ke ɗibar ruwa, aka tarar da mushen ɗan maraƙi ya maƙale cikin tarin ganye da rassa. Yana tsaye a bakin ruwa babansa da wasu maza uku suka jawo shi da igiya. Tun daga ranar, in ya ga ruɓaɓɓen ganye a cikin ruwa, warin nan yake ji a hanci.

Don haka da aka miƙa masa makulli yana da shekara talatin, bai tsaya a kan tanki da bututu ba kamar waɗanda suka riga shi. Rafin ya kama gaba ɗaya. Kowace Asabar da safe ya sha ruwan mazarƙwailarsa mai zafi, ya zura takalmin roba, ya ɗauki adda da manjagara da buroshin ƙarfe ya hau tsauni. Ganye ya kwashe, reshe ya jawo, dutse ya goge. Sau biyu a shekara yakan kira gayya, maza su shiga ruwa, mata su ɗora tukunyar kaza da rogo da agade a bakin rafi. A irin gayyar nan aka sare bishiyoyin guamo da suka yi wa rafin rumfa, ɗaya bayan ɗaya, don su ne masu zubar da ganye. Da aka gama, Clarita ta fito fili tana ƙyalli a rana kamar an shimfiɗa kwano. Baƙi in sun zo, nan ake fara kai su. Shi kuwa ya tsaya gefe ya cire malafa yana jiran a tambayi aikin wane ne.

Bayan tudu akwai wani rafin, Honda, wanda ƙauyen ƙetare ke sha. Mai riƙe da makullinsa Nolberto Bañol ne, abokin Eliécer tun suna yara. Eliécer ne ya riƙe 'yar Nolberto a coci ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa ba sa kiran juna da suna, sai compadre. Nolberto mutum ne mai tumbi da dariya, wanda bai taɓa ɗaukar manjagara ya nufi rafi ba. Honda tana nan cikin duhun bishiyoyi, ganye ya kwanta a ƙasanta kamar katifa.

Duk Lahadi bayan an fito coci sai sun taɓa, Eliécer ne mai farawa.

"Compadre, ya miyar ganyen taku? Har yanzu ba ta nuna ba?"

"Tana kan wuta, compadre. Kai fa, an gama yi wa duwatsun wanka? Ka shafa musu mai, kada su yi kaushi."

"Ranar da kada ya fito daga famfonka kada ka kira ni."

"In ya fito zan aiko maka shi ka goge masa haƙora."

Haka suka tsufa. Sai dai a 'yan shekarun nan Clarita ta fara canza hali. In rani ya yi, ruwan ya ja baya har ana ganin ƙasan tanki. Da rana ya fito famfo da ɗumi. Gansakuka ta riƙa rufe duwatsun da kore, ya goge Asabar, kafin Laraba ta dawo. Mata suka fara cewa ruwan yana da wani ɗanɗano. Eliécer ya ƙara ranar Laraba a kan Asabar, ya sayi sabon buroshi.

Ana cikin haka Yurani ta dawo daga karatu a birni. Ita ce 'yar Nolberto ɗin nan da ya riƙe a coci, yarinyar da ya koya wa kama ƙaguwa da hannu, mai kiransa padrino, wato ubanta na baftisma. Yanzu ta zama mai nazarin halittun ruwa, kuma ƙungiyar ƙauyukan tsauni ta ba ta aikin duba lafiyar rafukan da ake sha. Doña Herlinda, shugabar kwamitin ruwan Alto Sereno, ba ta yi masa kwana-kwana ba. Ta same shi a wurin shanyar kofi ta ce:

"Don Eliécer, mutane suna magana, ni kuma na gaji da tare su. Ran Litinin yarinyar nan za ta duba Clarita a gaban kowa. In rafin lafiya yake, makulli naka ne har ka gaji. In ba lafiya, za mu sake hannu. Na faɗa maka da bakina don kada ka ji a kasuwa."

"A duba mana," in ji shi. "A zo da likitan birni ma. Wanda ya tsinci ganye ɗaya a ruwana, in cinye shi a gabanku."

Ran Alhamis Yurani ta zo gwaji, ita da shi kaɗai. Ya zaci zai ga kwalabe da magunguna. Sai ya ga raga mai sanda, da farin tire, da hantsaki, da kofunan roba biyar, da madubin hannu mai ƙara girman abu. Ta kafa turke mai jan fenti a bakin ruwa, ta ce nan ne wurin awo. Ta shiga, ta dasa ragar, ta riƙa birkita duwatsun da ƙafa ruwa yana kora abin da ya tashi. Ta juye a tire. Wasu 'yan ƙananan abubuwa suka fara motsi.

"Tsutsa kika zo nema, 'yata? Da kin faɗa, da na kai ki bayan ɗakin aladu."

"Padrino, ruwa ba ya magana, waɗannan su ne bakinsa. Kwalba abin da ya wuce yau kaɗai take gaya min. Su kuwa nan suke kwana, nan suke tashi. Zauna ka gani. Rafi kamar ƙauye ne, kowa da sana'arsa, kuma da abin da yake ci ake gane shi."

Ta jera kofunan a kan dutse.

"Wannan na masu kankara ne, su ke lashe gansakukar da ke kan dutse. Abokan aikinka ke nan. Wannan na masu tankaɗe, suna saƙa 'yar raga su tace abin da ruwa ya kawo. Wannan na 'yan kale, masu tsintar abinci a laka. Wannan na mafarauta, masu cin sauran."

"Ko nan ma akwai 'yan siyasa ke nan. Na biyar fa?"

"Na teloli. Su ganye suke ci, kuma da ganye suke ɗinka wa kansu gida su shiga ciki, kai da ƙafa kawai a waje. Abin da suka tsinka suka bari shi masu tankaɗe da 'yan kale ke samu a ƙasa. A rafin tsauni irin wannan, kusa da inda ruwa ya ɓuɓɓugo, su ne kan gaba. In babu su, wani abu ya karye."

Ta ɗauki hantsaki ta fara rabawa. Kofin masu kankara ya cika da 'yan katantanwa har ya yi baƙi. 'Yan kale suka samu rabonsu. Masu tankaɗe kaɗan, mafarauci ɗaya tal. Eliécer yana kallon kofi na biyar. Ta sake shiga ruwa sau biyu. Kofin yana nan da ruwansa fari tas.

"Babu, padrino."

"Sun tafi unguwa ne ƙila."

Ba ta yi dariya ba.

"To, a Honda fa?" Bai so tambayar ta fito ba, ta fito.

"Jiya na duba. Sittin da uku."

"A miyar ubanki?"

"Saboda ganyen ne, padrino. Da inuwa. Ka ga, da aka sare..."

"Ya isa. Ke ma kin ɗauko bakinsa. Na yi ta fama da buroshi shekara talatin don a zo a ce min ƙazanta ce lafiya?"

Ya ɗauki malafarsa ya gangara ya bar ta da kofunanta.

Kwana biyu ba abin da ke yawo a kansa sai lamba. Sittin da uku da babu. Bayanin da ta fara bai shiga ba, don bai bar masa ƙofa ba. Abin da ya gane shi ne ran Litinin za a jera kofuna biyar a gaban mutanen da suka yi masa gayya shekara da shekaru, ɗaya zai tashi wayam, Nolberto yana tsaye yana shafa tumbi.

Ran Lahadi da safe ya ce wa Orfilia gwiwarsa ta motsa, ba zai iya gangara coci ba.

"Gwiwar da ta hau tsauni jiya da buroshi?"

"Ita. Ai shi ya tayar da ita."

"To, tsoho. Zan gaya wa limamin coci ya sa ta a addu'a, ita da mai ita."

Tana fita ya ɗauki tukunyar da take dafa wake, mai murfi, ya bi ta cikin gonakin kofi inda ba hanya. Sa'a guda ya yi kafin ya tsallake tudu. Yana kan gangaren ya ji ƙararrawar coci daga ƙasa, ya san Nolberto yana can a benci na uku yana gyangyaɗi. Tun da ya yi wayo bai taɓa jin ƙararrawar nan daga nesa ba.

Rabonsa da shiga Honda tun suna samari. Sanyin ruwan ya ratsa takalmin roba har ƙashi. Ya sa hannu ya ɗago curin ganye baƙi, yana kawar da fuska. Sai ga su. Kowanne cikin ɗan gidansa na ganye da aka yanka zagaye-zagaye aka jera kamar rufin ɗaki, yana jan abinsa a hankali. Aikin ya yi kyau, bai iya hana kansa gani ba. Ya zauna a kan dutse ya riƙa tsince su ɗaya-ɗaya yana jefawa a tukunya. Duk guntun ganyen da ya biyo su sai ya cire ya yar. Har sau biyu ya sauya musu ruwa, sai da ya ga tukunyar ta yi fes. Zai kai tsutsa Clarita, amma ganye kam, ko ɗaya. Ya ƙirga saba'in, don su ɗara na Nolberto.

Ya juye su a gindin jan turken, tsakanin duwatsun da ya goge jiya. Ya dawo gida ya wanke tukunya ya kwanta ya ɗora ƙafa a kan matashi. Da Orfilia ta dawo ta ɗauki tukunyar za ta jiƙa wake, sai ya ga ta kai ta hanci, ta dube shi, ta sake kai ta hanci. Ta ɗauko toka ta sake wankewa.

Ran Litinin kusan duk ƙauye ya hau. Mata sun zo da arepa, wainar masara, a ƙunshe cikin ganyen ayaba da butocin ruwan mazarƙwaila, aka zazzauna a kan duwatsu kamar ranar gayya. Nolberto ya tsallako da sandarsa, yana haki.

"Na zo ganin asibiti, compadre. An ce har duwatsun suna da katin shaida."

"Zauna daga nesa, kada ka shafa musu wani abu."

Yurani ta yi wa jama'a bayanin sana'o'i biyar ɗin kamar yadda ta yi masa, aka yi ta dariya ana nuna juna, wane mafarauci ne, wance 'yar kale ce. Sannan ta shiga ruwa. Da ta juye raga a tire sai ta tsaya. Eliécer yana kallon bayan wuyanta.

"Mene ne?" in ji Doña Herlinda. "Ki faɗa da ƙarfi, kowa ya ji."

"Teloli."

Ta fara sa su a kofi na biyar, jama'a suna ƙirgawa tare da ita da baki ɗaya. Goma. Ashirin. Wani ya yi fito. Talatin. Da aka kai arba'in da ɗaya tafi ya ɓarke, wata tsohuwa ta rungume shi tana cewa ita dama ta sani, masu baƙin baki ne kawai. Nolberto ya buga sanda a ƙasa.

"Kai, compadre! Ashe shago ka buɗe a ɓoye! To, na cire malafa. Na rantse na cire."

Ya cire kuwa. Wannan ya fi komai yi wa Eliécer ciwo.

Doña Herlinda ta gyara murya za ta yi magana. Yurani tana durƙushe gaban kofin, biro a hannu, ba ta rubuta komai ba. Ta ɗago ta ce, a hankali, yadda shi kaɗai zai ji:

"Padrino, zo ka gani."

Ya durƙusa. Ta miƙa masa madubin. A ƙasan kofin wani tela ya hau kan gidan ɗan'uwansa yana gaigaya. Wani rabin gidansa ya tafi, farin jikinsa yana waje, yana lalube. Ko'ina ya kai madubin abin da suke yi ke nan.

"Yunwa suke ji," in ji ta. "Gidajen juna suke ci."

Ya sauke madubin.

"Ni abin da raga ta kamo zan rubuta. Arba'in da ɗaya. Ban ga komai ba bayan wannan, kuma ba zan tambaye ka komai ba. Amma ka san abin da takardar za ta ce. Za ta ce Clarita lafiya lau, a ci gaba da yadda ake yi."

Ta sa bakin biro a kan takarda. Yarinyar da ya riƙe a coci yana yi wa Allah alkawarin zai koya mata gaskiya, ga ta za ta sa hannu a kan ƙaryarsa don kada ta tsinka shi a gaban mutane. Ya ɗaga kai. Orfilia tana zaune can a kan dutse da buta a cinya, ita kaɗai ce ba ta tafa ba.

"Dakata, 'yata."

Ya miƙe. Gwiwar da ya yi wa ƙarya jiya ta yi ƙara da gaske.

"Doña Herlinda, kada ki ce komai tukuna. Waɗannan ba na nan ba ne."

"Kamar yaya ba na nan ba?"

"Na Honda ne. Jiya na ɗebo su kuna coci. Ran Alhamis an duba, ko ɗaya babu."

Sai Nolberto ya fashe da dariya.

"Ɓarawon tsutsa! Jama'a, ku taya ni ji! An saci kaza a ƙauyen nan, an saci alfadari, amma tsutsa? A me ka ɗebo su, compadre, a malafa?"

"A tukunyar wakena," in ji Orfilia daga inda take.

Dariya ta kwashe wurin. Mutane suna riƙe ciki, wani ya zame daga kan dutse ya faɗa ruwa. Eliécer yana tsaye a tsakiya, malafa a hannu, a daidai inda yakan tsaya in baƙi sun zo. Ya ji kunnuwansa suna zafi kamar an kara musu garwashi. Sai dariyar ta riƙa mutuwa da kanta, don kowa ya fara tuna addar da ya ɗaga a bakin rafin nan, da kazar da ya ci bayan an kayar da bishiya.

"To, 'yar Nolberto," in ji Doña Herlinda, "gaya mana gaskiyar rafin."

Yurani ta faɗa, ba ta kalli kowa ba. Ba inuwa, ruwa ya yi ɗumi, gansakuka ta samu rana. Ba ganye, ba teloli, waɗanda ke ci a bayansu sun ragu. Ba saiwoyi a gaɓa, ƙasa ba ta riƙe ruwan damina, shi ya sa rani ke shanye shi. Ta ce rafin bai mutu ba, amma an yi masa aski har an yanki fata.

Wata mata ta ce, "To ganyen ba zai toshe mana bututu ba? Ba zai sa mana ciwo ba?"

"Ragar ƙarfe za a sa a bakin bututu, ita za a riƙa sharewa. A kewaye saman rafin da waya kada dabba ta shiga. Ruwan sha kuma a ci gaba da tafasawa kamar kullum. Dabba ce ke kawo ciwo, ba ganye ba."

Eliécer ya ji wannan ta ƙarshe ta shige shi. Shekara hamsin da biyu yana yaƙi da ganye, maraƙin kuwa ta wani ɓallen shinge ya shigo, wanda har yau ba wanda ya gyara.

Bai jira Doña Herlinda ta nema ba. Ya sa hannu cikin riga ya zaro igiyar ta kansa. Ta sarƙe da sarƙar gicciyen, sai da Orfilia ta taso ta warware masa a gaban kowa. Ya ajiye makullin a kan farin tiren. A wuyansa, inda igiyar ta kwanta, wani farin layi ya fito wanda rana ba ta taɓa gani ba.

"Ba don rafin na karɓa ba, Don Eliécer," in ji Doña Herlinda. "Rafin da hannunmu duka muka yi. Don na jiya ne."

"Na sani."

"Waɗannan kuma fa?" Ta nuna kofin.

"Zan mayar da su."

Orfilia ta aika aka ɗauko tukunyar. Wannan karon ba ta cikin gonaki Eliécer ya bi ba, don hanyar da gwiwar Nolberto za ta iya ita ce ta tsakiyar ƙauye, kuma Nolberto ya ce kayansa ne, sai ya raka su gida. Suka wuce gaban makaranta, gaban shago, gaban coci, Eliécer yana rungume da tukunyar wake, mutane suna leƙowa ta taga. Sai da suka fara hawan tudu Nolberto ya daina waƙar ɓarawon tsutsa da ya ƙirƙira.

"Compadre."

"Faɗi. Ƙarasa ni."

"Kada ka ɗauka wani sani gare ni. Lalaci ne kawai. Da ina da ƙarfin zuciyarka da tuni na aske Honda ita ma."

"Wannan ba ya rage min komai."

"Ban ce ya rage ba." Ya tsaya ya huta a kan sanda. "Ina wurin ranar da aka jawo maraƙin nan. Ina bayanka. Na san abin da kake gogewa."

Da suka isa Honda Eliécer ya durƙusa ya nemi inda ganye ya fi kauri ya karkata tukunyar a hankali.

Makullin ya koma hannun surukar Doña Herlinda, mace mai zafin nama da ba ta rataya shi a wuya, a aljihu take sa shi. Shi kuwa sabon suna ya kama shi. Har yara da ba a haifa ba lokacin, Don Tela suke ce masa, yana amsawa. Watanni bai tsaya a ƙofar coci bayan an fito ba.

Amma Asabar ba ta bar shi ba. Ya ci gaba da hawa, sai dai kayan sun sauya. Ya rataye buroshi, ya ɗauki diga. Shi ya gyara shingen sama. Shi ya ɗauko dashen guamo daga wurin Yurani, goma-goma a bayan alfadari, ya bi kututturan da ya sare yana dasawa a gefen kowanne. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya hana shi. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne hannunsa. In ya ga ganye ya faɗa ruwa sai hannun ya tafi da kansa. Orfilia ta ce ta taɓa leƙa shi yana tafiya a bakin rafi da hannuwa biyu a cikin aljihu, yana yi wa ganye harara.

Duk shekara Yurani tana zuwa da kofunanta. Shekara ta farko babu. Ta biyu babu. Ta uku masu tankaɗe suka ƙaru, katantanwa suka ragu, kofi na biyar yana nan wayam. Ranar awo Eliécer ba ya zuwa kusa, can sama yake zama inda kowa zai ga hannuwansa.

A shekara ta biyar, wata Asabar, bishiyoyin sun fara haɗa kai a saman ruwa, ya ga wani curin ganye ya taru a bayan dutse. Ya daɗe yana kallonsa. Ya sa yatsa biyu ya ɗaga gefe. Wani ɗan gida mai rufin zagaye ya motsa, ya ja kansa ya shige ƙasa.

Ya mayar da ganyen yadda ya same shi. Bai kira kowa ba. Wa zai yarda da shi? Ya gangara, ya tsallake tudu da gwiwar da yanzu ciwonta ba na ƙarya ba ne, ya sami Nolberto a kwance a ragar lilo.

"Tashi, compadre. Kira 'yarka ta zo da ragarta. Kai ma ka zo, ka tsaya kusa da ni."

"Me ya faru?"

"Akwai abin da nake so a gani. Ni ba zan taɓa ba."

Nolberto ya dube shi sama da ƙasa, ya leƙa bayansa, sannan ya juya ya ƙwala wa matarsa kira ta cikin gida.

"Tsohuwa! Je ki ƙirga min tsutsotsina, Don Tela ya zo!"

Yana faɗa yana laluben takalminsa da ƙafa.